Mastas na bincike a labarin ƙasa: ambaliyar Agiliti ta isa maudu'i?

Ɗan Agiliti:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga. Labarin ƙasa na karanta a Jami'ar Bayero, na gama bautar ƙasa, yanzu ina Legas ina riƙe wa yayana lissafin shagon albasa a kasuwar Mile 12, muna haya a Agiliti. Wanda ya san unguwar ya san halin da muke shiga daga Satumba zuwa Oktoba. Sama tas, ko yayyafi ba a yi ba, sai ka wayi gari ruwa ya cika layi, don an saki ruwan madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta ya biyo kogin Ogun. Isheri, Kara, Owode Onirin, duk kanwar ja ce. Wasu layukan sai da kwalekwale ake kai wa bakin titi.

Digiri na biyu nake so, amma na bincike, ba wanda za a yi ta lacca a rubuta jarrabawa a watse ba. Taken da ke raina shi ne tasirin sauyin yanayi a kan ambaliya a Legas. Ya yi? Jami'ar Legas (Unilag) ko Jami'ar Jihar Legas (LASU)? Kuma zai haɗu da kasuwa, ko sai na ajiye ɗaya?

Uwar Biyu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Taken nan naka, a gaskiya, aikin mutum goma ne. Kuma da bakinka ka rushe shi: ka ce sama tas ruwan ke zuwa. Ranar kare furofozal wani malami zai tambaye ka, "To ina sauyin yanayin yake, ina sakin madatsa, ina ginin da aka yi a kan fadama, ina kwalbatin da shara ta toshe?" In ba ka iya rabe su ba, a nan za a zaunar da kai. Maganar yanayi ma sai da bayanan ruwan sama na shekara 30 ake fara ta.

Sannan ka sani, yawancin mastas a jami'o'inmu sai ka yi zango biyu na darussa kafin a sake ka ga kundi. Wanda ya fi karkata ga bincike zalla shi ne M.Phil. Amma kada ka raina darussan, musamman ƙididdiga da dabarun bincike, su za su cece ka a babi na huɗu.

Ni a kimiyyar muhalli na yi nawa, a kan ruwan rijiyoyin da ke kewaye da wani juji. Da ni ce kai, ga tambayata: me ambaliya ke yi wa ruwan rijiya da burtsatse a Agiliti? Ka zaɓi rijiyoyi, ka ɗebi samfur a Fabrairu ko Maris lokacin rani, ka koma waɗannan rijiyoyin dai bayan ruwa ya janye. Ka kwatanta da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, naitiret kada ya wuce 50, ƙwayar E. coli kuwa, wadda ke nuna bahaya ya shiga ruwa, ba a yarda a same ta ba sam a cikin mililita 100 na ruwan sha. Inda ruwa ke haɗe masai da rijiya, ina kyautata zaton a ƙwayoyin cutar za ka sami abin faɗa, ba a ƙarafa ba.

Wahalar ita ce samfurin ƙwayoyin cuta ba ya kwana. Cikin kula da ƙanƙara zai tafi, ya isa ɗakin gwaji a ranar. Da go-sulon Ojota, sai dai ka fita da idar da sallar asuba. Kuɗin makaranta ba shi ya fi ci mini aljihu ba, gwaji ne, don kowane ƙarfe a kowane samfur da kuɗinsa. In kuma Oktoba ta wuce ba ka ɗebi ruwa ba, ka yi asarar shekara guda cur.

Mai Taswira:

Anti ta faɗi gaskiya kan take, amma ban yarda ya bi hanyar ɗakin gwaji ba. Ɗan labarin ƙasa ne, kuma albasa yake lissafawa, ba albashi yake ɗauka ba. Taswira ta fi masa araha. Tun 2008 hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kyauta ne, kuma akwai na tun shekarun 1980. Da su da manhajar taswira ta QGIS, wadda ita ma kyauta ce, zai nuna yadda gidaje suka cinye fadamar kogin Ogun shekara bayan shekara. Wannan kaɗai babi ne mai nauyi.

Sai dai in gargaɗe ka, abokina. Legas garin gajimare ne. Hotuna masu tsabta daga Disamba zuwa Fabrairu ake samunsu, wato lokacin da babu ambaliyar. Don ganin ruwan kansa sai tauraron Sentinel-1, wanda aka fara harbawa a 2014, shi da na'urar rada yake gani, gajimare ba ya tare ta. Amma tsakanin gidajen da suka cunkushe ita ma rikicewa take. Bayanan tudu da kwari na SRTM, waɗanda aka auno daga sararin samaniya, su kuma kuskurensu kan kai mitoci, alhali a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin taku rabin mita ke raba gidan da ya nutse da wanda ya tsira. Don haka ƙafarka ce za ta cike giɓin: wayarka da GPS, da tef na awo, ka bi gida gida kana auna shatin da ruwa ya bari a bango. Kwanakin sakin ruwa kuwa, hukumar kogunan Ogun da Osun da ke Abeokuta ke kula da madatsar, ruwan sama kuma hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet. Ka karɓi wasiƙa daga sashenku ka kai da wuri.

Baba na Ketu:

Ni ban yi bokon nan naku ba, jikana ke rubuta mini. Ɗana, ka ce gida gida za ka bi da tef da takarda? A Legas? Mutumin da ya gina a bakin ruwa, in ya ga baƙo yana auna bangonsa, rusau kawai zai tuna, ko sunansa ba zai gaya maka ba. Ka fara zuwa gaida Sarkin Hausawa da bale, wato mai unguwar Yarbawa, da shugabannin ƙungiyar masu gidaje, su haɗa ka da yaro ɗan layin. Hausarka za ta buɗe maka ƙofar 'yan kasuwa da masu shanu a Kara, amma masu gidajen yawanci Yarbawa ne, ka nemi mai jin yaren. Cikin gida kuma mace za ka aika, su suka san rijiyar da ke wari da yaron da ya yi gudawa.

Kuma ka zauna da yayanka tun yanzu. Mota ba ta jiran mai littafi, da asuba ake sauke kaya.

Ɗan Agiliti:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Anti, Malam Mai Taswira, kun sa na soke taken tun kafin a soke mini. Hankalina ya fi kwanciya da taswirar da awon bango, ruwan rijiyar in aljihu ya yarda. Saura maganar makarantar.

Uwar Biyu:

Daga Mile 12, BRT za ta bi da kai titin Ikorodu ka sauka wajen Fadeyi ko Jibowu, ka nemi motar Yaba zuwa Akoka, inda Unilag take. LASU tana Ojo, can hanyar Badagry, rabin yininka zai ƙare a mota. Amma kafin ka sayi fom, ka duba malaman sashen, wa ke rubutu a kan ambaliya ko taswirar tauraron ɗan'adam. Ka karanta maƙalarsa ko biyu, ka je masa da shafi ɗaya na abin da kake son yi. Ka kuma tambayi ɗalibansa a ɓoye: babi kan yi wata nawa a teburinsa? Nawa mai duba aikin mutumin kirki ne, amma ya tafi hutun nazari ana tsaka da aiki, sai da aka sauya mini wani, shi kuma ya ce a sake babi na uku.

Takardar sakamakonka ta Kano, ka nemi a turo ta tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma gaya wa yayanka shekara biyu, kada ka ce masa wata goma sha takwas. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ko ba ka sami gurbi bana ba, ruwa na janyewa ka fita ka auna bangon nan ka ɗauki hotuna da kwanan wata, kafin masu gida su yi fenti.