Kafin Ka Sayi Tsohuwar Azurfar Meksiko Mai Zanen Mishtek

Da masu tara tsofaffin kayan ado suka tattauna, bakinsu ya zo ɗaya kan abu guda: a juya bayan munduwa ko abin wuya a duba hatimi. Lamba 925 na nufin azurfa mai kyau, 980 ta fi ta tsarki. Hatimin gaggafa kuwa an yi amfani da shi daga 1948 zuwa wajen 1979, sannan aka koma haruffa da lamba, inda T ke nufin Tasko, garin maƙeran azurfa a Meksiko. In ka ga an rubuta "alpaca", ajiye ta, gamin ƙarfe ne, ko ɗigon azurfa babu.

Kada mai sayarwa ya ruɗe ka da tsufa. Zanen na mutanen Mishtek ne, wata ƙabila ta jihar Wahaka a Meksiko, amma ƙirar ta ƙarni na 20 ce. Maƙera sun yi ta kwaikwayon irin kayan da masanin kayan tarihi Alfonso Caso ya tono a kabari na 7 na kufan birnin Monte Alban a 1932.

Batun gogewa ne ya raba kawuna. Ni dai ina bayan masu cewa a bar baƙin da ke cikin lungunan zanen, domin shi ke fito da fuskokin da aka zana. Kyalle mai taushi ya wadatar.