Wasan waya a kan Birni: wa ke da ikon cewa zanen ya yi kyau ko bai yi ba?

Ɗan Zango:

Assalamu alaikum, manya. Tambaya ce a kan wani ɗan wasan waya da ake haɗawa da Godot, manhajar ƙera wasanni. Labarinsa na wani yaro ne ɗan aike da ke bin lungunan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, daga gindin duwatsu har ƙofar fada. Gardama ta taso tsakanin mai zane da sauran masu aikin. Shi ya yi bangaye shunayya da shuɗi, sama ruwan goro, mutane dogaye siri-siri masu ƙananan kawuna. Su kuma sun ce wannan ba Damagaram ba ce, kuma muni ne ƙarara. So suke ya fito kamar hoton kyamara, irin na FIFA ko GTA. Mai zanen ya kafe a kan cewa wasa fasaha ce, kowa da abin da ke burge shi, ba mai gaya masa launin da zai sa. Shin akwai ma'aunin da za a raba wannan gardama da shi? Kuma ina iyakar ƴancin mai zane idan garin da yake zanawa na mutane ne masu rai?

Malam Mai Zane:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ɓangarorin biyu duk sun cakuɗa abu biyu: sha'awa da aiki. Bango shunayya sha'awa ce, ba hujjar da za ta kayar da shi. Amma wasa ba hoton ratayewa ba ne. Mai wasa yana da ƙasa da daƙiƙa guda ya gane ina hanya, wa zai gudar wa, me zai ɗauka. Wannan kuwa gwada shi ake yi, kuma sakamakon ba ya jin kunyar kowa.

Ku ɗauki hoton allo, ku buɗe shi a manhajar zane ta Krita, ku cire launi gaba ɗaya ya koma fari da baƙi. Idan yaron ya narke cikin bango, an sami matsala. Shunayya da shuɗi masu nauyi ɗaya sukan zama toka iri guda da zarar an cire launi, kuma ido da haske da duhu yake fara rarrabe abubuwa kafin ya kai ga launi. Gyaran ba ya buƙatar a taɓa shunayyar: a bar bangaye a tsaka-tsakin haske, duk abin da ake taɓawa ko ake gudu daga gare shi ya fi su haske ko duhu sosai.

Sai siffa. Ku cike kowane mutum da baƙi wuluk, ku rage shi zuwa girman da zai fito a allon waya. Za a iya bambanta dogari da malami da mai tallan fura? Rawani, ƙwarya a ka, faɗin babbar riga, su ne ke yin wannan aiki. A nan ne nake shakkar ƙananan kawunan: mutum mai tsawon fiksel (ɗigon allo) 70, idan kansa kashi ɗaya ne cikin tara na jikinsa, fuskarsa ba ta kai fiksel 8 ba, ba wurin ido balle fara'a. Shi ya sa yawancin wasannin waya ke ƙara girman kai da hannuwa. Tun a Donkey Kong na 1981 aka sa wa Mario gashin baki da hula, domin ɗigon da ke akwai bai isa a zana baki da gashi ba.

Kada a yanke hukunci a allon kwamfuta cikin ɗaki. A sa wasan a ƙaramar Tecno ko itel, a fita waje da azahar, a rage hasken allo zuwa rabi kamar yadda mai tsimin caji ke yi. Duk launuka masu duhu za su haɗe su zama ɗaya.

Wani abu kuma: kayan dogarai ja da tsanwa ne, kuma su ne launukan da masu matsalar ganin launi ke kasa rabewa. A Turai kusan namiji 1 cikin 12 yana da ita. Idan ja na nufin haɗari, tsanwa na nufin a wuce, to a haɗa da siffa ko alama, kada launi ya ɗauki saƙon shi kaɗai.

Ƴar Birni:

Malam, na yarda da gwaje-gwajen, amma ban yarda a jefa sauran duka cikin kwandon "sha'awa" ba. Magina da masu zayyanar bango suna da ido na sana'a. Tsohon magini zai dubi dagi a fuskar zaure ya ce hannun bai nuna ba, wani maginin ya duba ya faɗi haka ba tare da sun haɗa baki ba. Ashe akwai kyan da ake koya.

Ƙanena Ɗan Zango, ina jin waɗanda suka ce "wannan ba Damagaram ba ce" sun ɗora laifin a kan launi ne domin shi suka iya ambata. Sau da yawa siffar ce ta kauce. Ginin tubali yana da kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa, gefunansa a murɗe suke, ba kaifi. Wanda ya ɗauki akwati mai kusurwa tsaf a Blender, manhajar sassaƙa siffofi a kwamfuta, ya shafa masa ruwan ƙasa, bulo ya gina. A bar zankwaye a kusurwoyin soro, a bar indararo yana leƙowa da tabon ruwa a ƙarƙashinsa, ƙofar zaure ta shige ciki, lungu ya ƙuntata ya karkace, manyan duwatsun nan su tsaya a inda gida ya kewaye su. In an yi haka, ko bangon shuɗi ne ɗan gari zai gane gida. Ai ma gidajen Birni da na Zango masu zayyana ba ruwan ƙasa zalla ba ne, akwai fari da shuɗi da rawaya a fuskokinsu.

Zayyanar kanta ita ce wurin da aiki ke lalacewa. Tudu da kwari ce, inuwa ke fito da ita. Ba za a sassaƙa kowane layi a jikin siffar ba, waya ba za ta ɗauka ba. Ana sassaƙa ta sau ɗaya da cikakken daki-daki a Blender, a gasa ta zuwa hoton da ake kira nomal maf, a shimfiɗa a kan bango mai sauƙi. Kuskuren da ya fi yawa: Blender da Godot suna karanta tsanwan launin wannan hoto, wanda ke nuna sama da ƙasa (Y), ta tsarin OpenGL, Unreal kuma, wata manhajar ƙera wasanni, ta tsarin DirectX, wato a kife. Idan aka ɗauko hoton da aka yi wa Unreal, dagin da ya kamata ya taso sai ya zama kamar an ƙwaƙule shi, hasken ya fito ta ƙasa. A wurin shigo da hoton a Godot akwai zaɓin kifar da Y, shi ke nan magani. Kuma a kwantar da rana, kamar hantsi ko la'asar. Hasken da ya daki bango kai tsaye yana shafe zayyana, wanda ya zo ta gefe shi ke tayar da ita.

Fatar mutanenmu ma haka. Ba a samun baƙar fata ta hanyar duhunta farar fata. Idan launin tushe ya sauka ƙasa da kimanin 30 zuwa 50 a ma'aunin haske na 0 zuwa 255, fuska takan zama tabo. A bar ja-ja a cikin launin, a ba goshi da kumatu ɗan sheƙi, a sa siririn haske ta bayan kai ya zagaye gefen fuska. Duk wanda ya bar fuskoki suka ɓace ya ce salo ne, bai iya ba ne.

Injiniya:

Masu son hoton kyamara su zo mu yi lissafi. Hoton shimfiɗa ɗaya mai 2048 sau 2048, ba a matse ba, mega 16 ne a ƙwaƙwalwa. Da ƙananan kwafinsa na nesa ya kai wajen 21. Guda ashirin sun haura mega 400, a wayar da RAM ɗinta giga 2 ne, Android ya riga ya cinye kaso mai yawa. Matsi na ETC2 yana mayar da 16 ɗin zuwa 4, ko 2 in babu wurin da ake gani ta ciki, amma duk da haka bango na kyamara yana son hotuna uku ko huɗu, ba ɗaya ba. Ga lokaci: hotuna 30 a daƙiƙa na nufin komai ya ƙare cikin milisakan 33. Inuwa mai motsi kaɗai tana iya cinye kaso babba, wayar ta yi zafi, ta rage gudu da kanta, a zafinmu na Afrilu kuwa ba a jimawa. FIFA da GTA ɗaruruwan ma'aikata ne da shekaru.

Shawara: a zaɓi tsarin zane mai sauƙi na Compatibility a Godot 4, a gasa haske da inuwa cikin hoto tun kafin wasa, hotuna su tsaya a 512 ko 1024, a tara ƙananan a faranti ɗaya. Hazo kuma kyauta ne. Silent Hill na 1999 ya rufe gari da hazo ne domin PlayStation ba ta iya zana nesa, hazon ya zama abin da ake tuna wasan da shi. Mu da muke da hazon hunturu, ba wanda zai ce ƙarya aka yi.

Baba Na Garin Malam:

Ƴaƴana, rabin tambayar na biyu ba a taɓa shi ba. Cewa wasa fasaha ce ba sabon zance ba ne. Kotun Ƙolin Amurka ta ba wasannin bidiyo kariyar faɗin albarkacin baki a 2011, gidan adana fasaha na MoMA a Niyok ya karɓi wasanni 14 a 2012, har da Pac-Man da Tetris. Amma hukuncin kotun nan a kan gwamnati yake, bai hana jama'a jin haushi ba, bai kuma tilasta wa kanti ya sayar ba. Google Play sai an cike takardar tantance shekaru ta IARC, kuma suna da dokokinsu na abin da ba su karɓa.

A 2008 Sony ta janye wasan LittleBigPlanet daga kantuna gab da fitarsa, ta jinkirta shi, saboda an gano wata waƙa a ciki tana ɗauke da kalmomin Alƙur'ani. Ba mugun nufi ba ne, rashin tambaya ne. To ku kula da irin wannan: allon makaranta da aka zana da rubutu na gaske, sannan wasan ya bari a taka shi ko a farfasa; kiran salla da aka mayar kiɗan baya; ƙofar masallaci ta zama wurin faɗa. A allo a sa layukan da ba sa karantuwa, ya wadatar. Fada kuma ba kufai ba ce. Ginin ya samo asali tun tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, kuma har yau akwai Sarki a ciki da fadawansa. In labari ya tsaya a ƙofa, babu damuwa. In zai shiga ciki ko ya sa wa Sarki magana a baki, a je a yi sallama tukuna, ko a ƙirƙiro masarautar da ba ta wanzu ba. Masu Never Alone na 2014 da dattawan Inupiyat na Alaska suka zauna tun daga farko, wasan bai rasa armashi ba.

Mai Fiksel:

Baba, a gafarce ni, ina da ja kaɗan. Maganar allo da kiran salla daidai ce. Abin da nake tsoro shi ne "a je a tambaya" ta bazu har kan launin sama. Idan kowane mai wucewa yana da ƙuri'a, abin da zai rage shi ne ruwan ƙasa da rawaya, irin Afirkar da wasannin waje suka saba nunawa, ƙura da tsatsa. Jama'a kuma sukan ƙi sabon abu ranar farko. Da Nintendo ta nuna wasan Zelda mai suna Wind Waker, wanda ya fito a Japan a 2002, masoya Zelda sun yi ca a kan zanensa na katun. Yau ya fi yawancin tsararrakinsa masu kwaikwayon kyamara kyan gani, domin kwaikwayon kyamara yana tsufa da na'urar da aka yi shi a kai. Kusa da mu, Kiro'o Games na Kamaru sun fitar da Aurion a 2016 da zanen hannu mai launi ƙyal-ƙyal da duniyar da suka ƙaga.

Sharaɗina ga mai zanen ɗaya ne: ya kafa doka ya bi ta. Launuka 16 zuwa 24, a rubuta lambobinsu, kada a ƙara. Kaurin layi ɗaya. Girman fiksel ɗaya a bango da jikin mutum. Mafi yawan abin da ake kira muni a ƙananan wasanni gauraye ne: bishiyar kyauta daga intanet mai kama da hoto, kusa da mutum na katun, kusa da rubutu irin na takardar ofis.

Ɗan Zango:

Na gode, manya. To a aikace ta ina za a fara, tunda kowa ya riƙe nasa?

Malam Mai Zane:

Lungu ɗaya, mai tsawon abin da za a bi cikin minti guda, a gina shi sau biyu: na shunayya da na ruwan ƙasa, amma siffar ginin iri ɗaya kamar yadda Ƴar Birni ta bayyana. A ba mutum goma da ba su cikin aikin, biyar su fara da wannan, biyar da wancan, domin wanda aka fara gani yakan rinjayi hukunci. Kada a tambaye su wanne ya fi kyau, za su faɗi abin da suke zaton ana son ji. A tsaya a bayansu a rubuta inda suka ɓata hanya, da abin da suka yi ta dannawa ba ya dannuwa, da hotuna nawa wayar ke bayarwa a daƙiƙa bayan minti goma. A ƙarshe tambaya ɗaya: wane gari ne wannan? Inda mutum uku ko fiye suka tuntuɓe a wuri guda, mai zane ya gyara, ba musu. In ba su tuntuɓe ba kuma sun ce Damagaram, a bar masa shunayyarsa.

Kafin gwajin a duba rubutun allo. Yawancin haruffan ado ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Ko su fito da akwati fanko, ko injin ya aro su daga wani rubutu su tsaya daban a tsakiyar kalma. Noto Sans da Andika suna da su duka, manya da ƙanana, kuma kyauta ne.