Ciwon Wiskott-Aldrich a jikin ɗan ƙanwata: ta ina ya shigo gidanmu?

Uwar 'Yammata ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ina neman wanda zai warware mini abin da ya hana ni sukuni. Ɗan ƙanwata bai cika shekara ba. Tun kafin su yi arba'in ake ganin jini-jini a kashinsa, daga baya ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso masa a kumatu da bayan gwiwa, yana susa har su fashe. Kunnensa kuwa da ya bushe sai ya koma zubar da mugunya. Ƙarshe dai wata likitar yara ta sa aka tura jininsa waje, sakamako ya dawo da sunan Wiskott-Aldrich. Ta ce wata ƙwayar gado ce mai suna WAS ta samu tangarɗa, kuma aikinta shi ne tsara ginshiƙan da ke cikin ƙwayoyin jini.

Abu biyu ne ban gane ba. Ta yaya abu ɗaya zai haɗa zubar jini da ƙuraje da ciwon kunne? Sannan dangin mijinta sun dage cewa auren zumunci ne ya jawo, tunda ɗan baffanmu ne, alhali su biyun AA ne, sun yi gwaji kafin aure. Innarmu ta ce akwai ƙaninta da ya rasu yana ƙarami, jini ya ƙi tsayawa bayan kaciya. Ni kuma 'ya'yana mata uku ne, babbar an kusa sa mata rana.

Ɗan Kasuwar Kwari ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaron lafiya, ya sa kaffara ne. Hajiya, ni dai da na ji batun gado da jini sai na ɗauka dangin sikila ne. A sake musu gwajin a wani wurin, ana samun kuskure.

Mai Madubin Lab ya rubuta:

Alhaji, amin ga addu'arka, amma wannan ba dangin sikila ba ne. Sikila a jajayen ƙwayoyin jini take, kuma sai uwa da uba duk sun bayar. Gwajin AA da AS ba ya ganin wannan ciwon ko kusa.

Hajiya, sannunku da jinya. Aikina duba jini ne a ɗakin gwaji, bari in fara da tambayarki ta farko. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai wasu siraran zaruruwa na wani furotin da ake kira aktin. Ki ɗauke su kamar sandunan rumfar kasuwar ƙauye, waɗanda ake kafawa da safe a tuge da yamma, gobe a kafa a wani gefen. Da wannan kafawa da tugewa ne farar ƙwayar jini take miƙa gefenta gaba ta ja jikinta zuwa inda cuta ta shiga, da shi take rungume ƙwayar cuta ta haɗiye, da shi kuma sojojin garkuwar jiki, waɗanda ake kira T, suke manne wa juna su isar da saƙo. Ƙwayar gadon WAS tana ɗauke da tsarin ƙera wani furotin, WASp, mai tubalan amino 502. A naɗe yake zaune, ba ya komai, sai wani ɗan saƙo mai suna Cdc42 ya taɓa shi, sannan ya buɗe ya tayar da wani rukuni da ake kira Arp2/3, wanda ke fitar da sabon reshe daga jikin tsohon zaren aktin. Idan babu WASp rassan ba sa fitowa yadda ya kamata. Sojojin suna nan, amma tafiyarsu da riƙonsu sun raunana, shi ya sa kunne da ƙirji ke ta kamuwa. Garkuwar da ta rikice kuma ita ce ke da hannu a ƙurajen nan.

Zubar jinin daga filatilet take, wato 'yan ƙwayoyin da ke toshe rauni. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace mikrolita ta jini. Masu wannan ciwon galibi suna ƙasa da 70,000, kuma saifa tana saurin cinye waɗanda ake da su. Abin da ya fi damuna a aikinmu shi ne yadda ake kallon adadin kawai a wuce. A wannan ciwon filatilet ɗin ƙanana ne ƙwarai. Idan ka shafa jinin a gilashi ka leƙa, sai ka ga 'yan ɗigo-ɗigo kamar ƙura a tsakanin jajayen ƙwayoyi, ɗaya nan ɗaya can. A takardar sakamako akwai layin da aka rubuta MPV, shi ke nuna girmansu. Yaro namiji mai ƙarancin filatilet, ƙanana, ga ƙuraje, bai kamata a yi ta juya shi wata da watanni ba. Likitar nan ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata.

WASp a ƙwayoyin da ɓargo ke ƙerawa kawai yake aiki. Sauran sassan jiki suna da ɗan'uwansa, N-WASP, don haka zuciya da tsoka ba abin da ya same su.

Batun zumunci kuma, a faɗa wa dangin miji da lalama cewa ba shi ba ne. WAS a kan kuromosom X take, wato ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin gado da mutum ke gada daga iyayensa. Mace tana da X biyu, idan ɗaya ya samu matsala ɗayan ya rufa mata asiri, shi ya sa ƙanwarki lafiyarta ƙalau. Namiji X ɗaya gare shi, daga uwarsa, uba Y yake ba shi. Da bare ta aura daga wata ƙasa ma lissafin bai canja ba: kowane ɗa namiji rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira, kowace 'ya mace ma rabi da rabi ne ta zama mai ɗauke da shi. Kuma don Allah kada wannan bayanin ya koma sandan dukan ƙanwarki. Ba ta zaɓa ba, ba ta ma san tana ɗauke da shi ba. Haka aka gano ciwon tun farko: a 1937 likitan yara Alfred Wiskott na Jamus ya bayyana shi a jikin 'yan'uwa maza uku, 'yan'uwansu mata kuwa lafiya lau. A 1954 Robert Aldrich a Amurka ya bi salsalar wani dangi ya nuna ta wajen mata yake bi. Ita ƙwayar gadon sai a 1994 aka gano ta.

Ungozoman Asibiti ta rubuta:

Yaya, ni roƙona ɗaya ne: wanzami kada ya taɓa yaron nan. Ba cire beli, ba tsaga, ba ƙaho, kaciya kuma sai a asibiti da sanin likitarsa. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen don zazzaɓi, suna ƙara zubar jini. Idan ya faɗi ya bugi kansa, ko haɓo ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Ku kai wa likitar katin rigakafinsa ta duba, domin akwai allurai masu rayayyar ƙwayar cuta da aka raunana, irin ta ƙyanda da ɗigon shan-inna, waɗanda ba a ba mai raunin garkuwa kai tsaye. A riƙa yanke masa farce, a shafa masa mai bayan wanka tun fatar na da danshi.

Uwar 'Yammata ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, wallahi na ji sanyi a raina. To Malam, ke nan ni ma zan iya kasancewa ina ɗauke da shi? Kuma yana warkewa?

Mai Madubin Lab ya rubuta:

Za ki iya, Hajiya. Labarin kawun nan naku ya sa dole a yi zargin daga Innarku ya gangaro. Idan hakan ne, ke rabi da rabi ce. Tunda an riga an san gurbin da ya lalace a jikin yaron, neman sa a jininki ya fi sauƙi. Ke za a fara gwadawa: idan ba ki da shi, 'ya'yanki uku sun fita daga lissafi gaba ɗaya. Idan kina da shi, sai a gwada babbar kafin biki, ta shiga ɗakinta da sani.

Yana warkewa ta hanyar dashen ɓargo, tun 1968 aka fara yi wa masu wannan ciwon, kuma ya fi yin kyau idan aka yi tun yaro bai kai shekara biyar ba. An fi son ɓargon ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, kowanne yana da damar dacewa ɗaya cikin huɗu. Akwai kuma gyaran ƙwayar gado: a ciro ƙwayoyin ɓargon yaron, a sa musu lafiyayyar WAS, a mayar masa. Likitocin Milan a Italiya sun ba da rahoton nasarar hakan a 2013. Kafin a kai ga ɗayan biyun, ana riƙe yaro da maganin kariya daga ƙwayoyin cuta da ƙarin sinadarin garkuwa ta jijiya. Idan yana da yayye, ku tambayi likitar gwajin HLA, mai nuna ko ɓargonsu ya dace da nasa, a zuwanku na gaba.