Wace jam'iyya zan zaɓa, ni da na riga na sare da su duka?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyayena da yayyena da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka riga mu ganin siyasar Sakkwato. Ni malamin firamare ne, kuma tun daga 2015 ban taɓa ƙin fita zaɓe ba. A 2015 na dangwala wa tsintsiya daga sama har ƙasa, saboda lokacin abin da ake ta faɗa ke nan, a yi sak. A 2019 na raba ƙuri'ata. A 2023 kuwa na tsaya a layi tun bayan sallar asuba, ga ƙarancin takardun kuɗi da ya sa ko na kabu-kabu ba ni da shi, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta ƙi karɓar yatsana har sau uku sai da aka ɗauki fuskata, ban bar rumfar ba sai bayan azahar. Wata uku bayan haka aka cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, albashina kuwa yana nan inda yake. Wanda muka tura majalisa ya yi mana alkawarin kwalbati a bakin layinmu, ya zo da kansa ya auna wurin da ƙafa, har yau duk damina da duwatsu muke tsallaka ruwan.

Yanzu an fara kaɗa gangar wani zaɓen, kuma fuskokin da nake gani su ne dai na jiya, riguna kawai suka sauya. Shin akwai jam'iyyar da mutum zai zaɓa hankalinsa kwance, ko kuwa in ajiye katina in zauna gida?

Tsohon Akawu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na fara kaɗa ƙuri'a a 1979, shekarar da Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa a NPN, saboda haka ka ba ni dama in ɗan ja maganar. A wancan zamani idan mutum ya ce maka shi ɗan PRP ne, ka san ra'ayinsa game da haraji da jangali da ikon sarakuna kafin ya buɗe baki, domin ra'ayin ya samo asali tun daga NEPU ta Malam Aminu Kano, kuma akwai waɗanda suka sha ɗauri a kansa. Ɗan NPN shi ma an san inda ya dosa. Tambayar wace jam'iyya za a zaɓa tana da ma'ana a lokacin.

Yanzu dubi tarihin gidan gwamnatinmu tun 1999. Attahiru Bafarawa ya hau a APP, wadda ta koma ANPP, ya ƙare mulkinsa a DPP. Mataimakinsa Aliyu Magatakarda Wamakko ya ci zaɓen 2007 a PDP, a ƙarshen 2013 ya koma APC. Aminu Waziri Tambuwal ya fara zuwa majalisar wakilai a 2003 a ANPP, ya zama kakakinta a 2011 a PDP, ya ci gwamna a 2015 a APC, a 2018 ya sake komawa PDP. Ahmed Aliyu da ya gaje shi a 2023, mataimakinsa ne a zangon farko. Ban kawo wannan don aibata kowa ba, dukansu manyanmu ne, kuma kowanne yana da hujjar da ya bayar a lokacinsa. Abin da nake so ka lura da shi, wanda ya ce shi ɗan lema ne ko ɗan tsintsiya na har abada a Sakkwato, ya fi masu jam'iyyun riƙe su da muhimmanci.

Matsalar ita ce tsarin mulkinmu bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, kuma takardar ƙuri'a alamar jam'iyya take ɗauke da ita, babu sunan mutum. Don haka dole ka dangwala wa wata alama, amma ba dole ba ne ta zama alama ɗaya. Ranar zaɓen shugaban ƙasa takardu uku ake ba ka, da ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai, ranar zaɓen gwamna kuma biyu. Kujeru biyar ke nan, mutum biyar, kowanne da halinsa. Ka zauna ka rubuta sunan kowane ɗan takara da alamar da yake ƙarƙashinta, ka tambayi mutanen unguwarsu yadda ya riƙe amanar da aka taɓa ba shi, ko da kuwa ta kuɗin masallaci ce. Sakkwatawa sun riga sun iya wannan rabon: a Fabrairun 2023 Atiku Abubakar na PDP ne ya fi ƙuri'a a jihar nan da 'yar tazara, mako uku bayan haka APC ta ci gwamna.

Baƙon Gidan Igwai ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma da izininka zan saɓa maka. Ni mutumin gabashin jihar nan ne, daga yankin Sabon Birni, kuma shekara uku ke nan ina zaune a ɗakin haya a cikin gari da iyalina, domin gonarmu ba ta shiguwa. An yi gwamnatin wannan jam'iyya a jiha da waccan a tarayya, an kuma yi lokacin da duka biyun jam'iyya ɗaya ce, ba mu ga bambanci a hanyar Isa ko ta Goronyo ba. Ka ce a duba mutum, to wane ne ya kawo mutumin? Deliget ne suka tsayar da shi a zaɓen fidda gwani, su kuma kowa ya san wanda yake juya su. Kafin takarda ta iso hannun talaka an riga an gama zaɓen gaske a wani falo, shi dai an bar masa ya sa hannu ne. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista a ƙasar nan, waɗanda suka fita ba su kai miliyan 25 ba. Ban yarda cewa duk sauran malalata ba ne. Ni rumfata ma tana garin da ba zan iya kwana a cikinsa ba.

Uwar Marayu ta amsa:

Allah ya mayar da ku gida lafiya, ɗan'uwa, babu wanda zai ga laifinka. Sai dai ina so ƙanena Ɗan Mabera ya san abin da zamansa a gida yake jawowa, domin na yi aikin wakiliyar jam'iyya a rumfar zaɓe sau biyu, na gani da idona. Tun kwana biyu kafin zaɓe ake bi gida-gida da taliya da sabulu da turmin atamfa, ana rubuta sunayen mata. Waɗannan matan za su fito ko ana ruwa ko ana rana, kuma ba na zaginsu, wadda ta kwana ba ta ɗora tukunya ba ba a yi mata wa'azin ƙuri'a. Amma a rumfar da mutum 700 suka yi rajista, idan 200 kacal suka fito, mai son saye mutum ɗari da 'yan kai yake bukata. Idan 500 suka fito, kuɗinsa ba za su kai ba. Duk mai hankalin da ya zauna gida ya rage wa mai saye farashi ne.

Kuma kada a manta da 2019. An ce zaɓen gwamna bai kammala ba, aka sake shi a wasu rumfuna, Tambuwal ya tsira da ratar ƙuri'a 342 a jihar da kowane ɓangare ya samu sama da 500,000. Mutanen layi biyu na Mabera sun fi wannan adadi. Wanda ya rayu a Sakkwato a wancan lokacin bai kamata ya ce ƙuri'a ɗaya ba ta da nauyi ba.

Shawarata ita ce ka rage kallon Abuja. Shugaban ƙasa ya yi maka nisa, amma ɗan majalisar jiha kana iya tare shi a wurin ɗaurin aure ko jana'iza, shi ne kuma yake zama a kan kasafin kuɗin da kwalbatinku za ta fito daga ciki. Idan kun kaɗa ƙuri'a kada ku watse, ku tsaya a ƙirga a gabanku, ku ɗauki hoton takardar sakamakon da aka liƙa a bango. Wanda ya auna muku kwalbati da ƙafa kuwa, idan ya sake tsayawa, ku haɗu ku kayar da shi, ko a wace alama ya ɓuya.

Ɗan Mabera ya sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Yayana na Sabon Birni, maganarka ta fi kowacce tsaya mini a rai, kuma ina jin doka ta ba ka damar neman INEC ta mayar da rajistarka zuwa rumfar da ke kusa da inda kake zaune, idan an buɗe aikin rajista. In kana so mu je tare. Na ɗauko takarda na ja layi biyar kamar yadda Baba ya ce. Na majalisar jiha na riga na san wanda ba zan zaɓa ba. Layin shugaban ƙasa ne har yanzu babu komai a kansa, kuma ina roƙon Baba ya faɗa mini yadda ake binciken halin mutumin da ba a unguwarku ya tashi ba.