Faifan garmaho na Haiti ya lanƙwashe, ya zan yi?

Salam jama'a, don Allah a taimaka min. Ina gyara akwatin marigayi babanmu na ci karo da wani tsohon faifan garmaho na kiɗan rara na ƙasar Haiti, irin wanda ake busa gora ana kaɗa ganguna lokacin azumin Kiristoci, waƙar da Kiriyol, yaren mutanen Haiti, ake yinta. Babban faifai ne mai juyi 33 a minti, amma zafi ya lanƙwasa shi, allura na zuwa waƙa ta biyu sai ta dinga tsalle. Na goge da tsumma mai laushi, na canza allura, ba canji. Wani yace in matse shi tsakanin gilashi biyu a rana, wallahi tsoro nakeji kar ya narke, Baba na son faifan nan sosai. Akwai wanda ya taɓa miƙar da irinsa?