Maganin barin sigari: me ya sa alƙaluman gwaje-gwajen asibiti suke fitowa ƙanana?

Abu Hafsat:

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lafiya. Tambayata a kan magungunan da ake ba mai son barin sigari ce. Yawancin binciken da mutum ya duba, sai ya tarar waɗanda suka daina da ƙyar suke haura kashi 20 cikin 100, ko da maganin da aka ce ya fi kowanne aka ba su. Shin maganin ne ba shi da ƙarfi, ko yadda ake ƙirgen ne? Kuma tsakanin varenicline, bupropion, cytisine da filastar nikotin, wanne bincike ya fi goyon baya?

Likitan Ƙirji:

Wa alaikumus salam Malam Abu Hafsat. Ƙirgen ne yake da tsauri, kuma haka ya kamata ya kasance. A gwaji mai inganci ba a karɓar maganar baki kawai. Mutum zai hura numfashinsa a cikin wata 'yar na'ura mai auna iskar kabon monoksaid, in awon ya haura 10 ba a sa shi cikin waɗanda suka daina. Wanda ya bar zuwa asibiti aka neme shi aka rasa, shi ma ana lissafa shi a matsayin wanda ya koma sha. Sannan ba mako biyu ake dubawa ba, wata shida ne ko shekara.

Ka duba gwajin EAGLES da aka wallafa a mujallar Lancet a 2016. Mutum 8,144 ne a ƙasashe 16, aka raba su gida huɗu ta hanyar ƙuri'a, ba majiyyacin ba, ba likitan ba, babu wanda ya san abin da ke cikin ƙwayar. Waɗanda ba su taɓa sigari ba daga mako na 9 zuwa na 24: varenicline kashi 21.8, bupropion 16.2, filastar nikotin 15.7, ƙwayar da babu magani a cikinta 9.4. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin 21.8 da 9.4. Maganin ya fi ninka damar mutum, kuma a harkar nikotin wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dalilin yin gwajin ma kansa darasi ne. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa gargaɗi mai tsanani a kwalin varenicline saboda rahotannin canjin hali da tunanin kashe kai. Shi ya sa kusan rabin mutanen EAGLES masu tarihin larurar ƙwaƙwalwa ne waɗanda ciwonsu ya lafa. Ba a ga ƙarin wannan matsala mai ma'ana ba idan aka kwatanta da filasta ko ƙwayar wofi, sai aka cire gargaɗin a Disambar 2016. Har yanzu akwai likitocin da ke gudun rubuta shi saboda tsohon gargaɗin, kuma wannan yana damuna, don masu larurar ƙwaƙwalwa sun fi sauran jama'a shan sigari.

Hajiya Famasis:

Likita ya gama magana kan ƙirge. Ni zan ƙara da cewa a waje sakamakon yakan gaza na gwaji saboda yadda ake shan maganin.

Varenicline ana fara shi mako guda kafin ranar da aka tsayar don dainawa. Kwana 1 zuwa 3, miligiram 0.5 sau ɗaya a rana. Kwana 4 zuwa 7, 0.5 safe da yamma. Daga kwana na 8, miligiram 1 safe da yamma har mako 12. Kusan mutum uku cikin goma suna jin tashin zuciya, musamman in sun sha ciki ba komai. A sha bayan cin abinci da cikakken kofin ruwa. Mai ciwon ƙoda mai tsanani ba ya wuce miligiram 1 a rana.

Bupropion miligiram 150 ne sau ɗaya na kwana uku, sannan sau biyu, da tazarar aƙalla awa takwas. Ba a ba mai farfaɗiya ko kaɗan. Kada ƙwaya ta biyu ta kai dare, tana hana barci.

Inda aka fi yin kuskure shi ne cingam na nikotin. Mutane suna tauna shi kamar cingam na kanti, su haɗiye yawun, sai shaƙuwa da ƙwannafi su biyo baya, nikotin ɗin kuma ya tafi ciki inda ba ya amfani sosai. Ana tauna shi a hankali har a ji ɗan yaji-yaji a baki, sai a tura shi tsakanin kumatu da dasashi, in yajin ya lafa a sake taunawa, haka har kamar minti 30. Abu mai tsami yana hana shi ratsa fatar baki, don haka ban da zoɓo, kunun tsamiya, lemon kwalba ko kofi minti 15 kafin a saka. Wanda yake kunna karan farko cikin rabin awa da tashi daga barci, mai miligiram 4 ne nasa, ba mai 2 ba.

Filasta kuwa, mai shan fiye da kara 10 a rana yana farawa da miligiram 21 na mako shida, 14 na mako biyu, 7 na mako biyu. A manna a busasshiyar fata marar gashi, ba a shafa mai ba, a danne da tafin hannu na ɗan lokaci, don a zafinmu gumi yana ɗaga ta. A riƙa canja wuri kullum. Haɗa filasta da cingam ya fi amfani da ɗaya kaɗai da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, kuma yana kusantar ƙarfin varenicline.

Mai Binciken Tibi:

Kada a manta da cytisine, don shi ne mai araha. Daga ƙwayoyin irin wata bishiya ake samunsa, kuma tun shekarun 1960 ake sayar da shi a Bulgeriya da sunan Tabex. Ƙwaya 100 ce mai miligiram 1.5 cikin kwana 25: shida a rana kwana ukun farko, biyar har kwana na 12, huɗu har na 16, uku har na 20, sannan ɗaya ko biyu. Ana ajiye sigari gaba ɗaya kafin a wuce kwana na biyar.

Gwajin Poland na 2011 mai mutum 740 ya samu kashi 8.4 bayan shekara, ƙwayar wofi 2.4. A Ostareliya a 2021 an gwada shi da varenicline, ya samu 11.7, varenicline 13.3, amma kwana 25 aka kwatanta da kwana 84. Wanda ya fi kama da yanayinmu shi ne na masu tarin fuka 2,472 a Bangaladash da Pakistan a 2020: cytisine kashi 32.4, ƙwayar wofi 29.7, wato babu bambancin da za a dogara da shi. Kowa a gwajin ya samu nasiha daga ma'aikacin lafiya, ga kuma tsoron ciwon da aka gaya masa yana da shi. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cytisine cikin magunguna huɗun da ta ba da shawara a kai a Yulin 2024.

Ga mai son yin irin wannan bincike a nan, na'urar hura numfashi tana iya yaudara. Hayaƙin icen girki, janareta da salansar babur duk suna ɗaga awon wanda bai sha komai ba. Garin taba na shaƙa ko na sawa a baki kuma ba ya ɗaga shi sam, sai a gwada kotinin, wato sinadarin da nikotin ke komawa a jiki, a fitsari ko yawu. Shi ma kotinin ba ya aiki ga mai amfani da filasta, don nikotin ɗin filastar zai nuna.

Abu Hafsat:

Allah ya saka da alheri. Idan mutum ya zaɓi watan azumi don dainawa fa?

Hajiya Famasis:

Amin Malam. Varenicline ya fi dacewa, ƙwaya ɗaya bayan buɗa-baki, ɗaya bayan sahur, amma a fara shi mako guda kafin ganin wata. Cytisine na kowace awa biyu ba ya shiga tsarin azumi, sai dai a gama shi a Sha'aban. Hukuncin filasta da rana kuwa, a tambayi malamai.

Likitan Ƙirji:

A kula da shayi, kofi da goro a makonnin farko. Hayaƙin sigari yana sa hanta ta riƙa narkar da sinadarin kafeyin da ke cikinsu da sauri. In aka daina, adadin da mutum ya saba sha sai ya daɗe a jini, ya kawo bugun zuciya da rashin barci, shi kuma ya ɗauka rashin sigari ne ya koma. A rage su zuwa rabi. Wannan daɗewa a jini tana faruwa ga theophylline na asma da clozapine da olanzapine na larurar ƙwaƙwalwa, kuma filasta ba ta hana wannan, don hayaƙin ne sanadi ba nikotin ba. Mai shan ɗaya daga cikinsu ya sanar da likitansa tun kafin ranar dainawa, a duba ko za a rage masa awo.