Dinarin Trajan mai giram 2.7: azurfa ce zalla ko shafe?

Mai_Sulalla: Assalamu alaikum malamai. Ga dinarin Rum, tsohon sulen azurfa, faɗi milimita 18, nauyi giram 2.70. A gaba akwai IMP TRAIANO AVG GER DAC P M TR P COS V P P, a baya SPQR OPTIMO PRINCIPI. Akwai ɗan ɗigon kore a bakinsa. Na wane lokaci ne, kuma na gaske ne?

Dattijo: Wa alaikumus salam. Rubutun ya riga ya ba ka lokaci. DAC laƙabi ne da Trajan, sarkin Rum, ya samu a 102 Miladiyya bayan yaƙin Dacia (yankin Romaniya ta yau), COS V kuwa, wato riƙe babban muƙamin consul karo na biyar, daga 103 zuwa 111 ne, don a 112 ya koma COS VI. Nauyin ne bai kwanta mini ba. Tun gyaran kuɗi da Sarki Nero ya yi a 64, dinari 96 ake bugawa daga fam ɗaya na Rum, kusan giram 3.4 ke nan kowanne. Rashin nauyi ga kuma kore, na fi zargin jan ƙarfe ne a ciki aka lulluɓe da azurfa, irin jabun da aka yi tun zamanin.

Maƙerin_Fari: Malam Dattijo ya yi gaskiya, amma kada a yanke hukunci da nauyi kaɗai. Azurfar da ta daɗe a ƙasa takan rube ta ciki, ta yi sakayau. Ɗan'uwa, ɗora kofin ruwa a sikeli, mayar da shi sifili, ɗaure kuɗin da zare ka nutsar ba tare da ya taɓa gindi ba. Raba 2.70 da abin da sikelin ya nuna. In 0.26 ne, ka sami kusan 10.4, azurfa ce. In 0.30 ne, 9.0, mai yiwuwa jan ƙarfe ya yi yawa. Kaɗe kumfar da ke maƙalewa a haruffa, ita ke ɓata lissafi. Maganaɗisu ba zai amfane ka ba, ba ya kama jan ƙarfe.

Duba bakin da madubi mai ƙara girma sau goma. Layi siriri da ya kewaye shi, da ƙananan ramuka a fuska, alamar zubi ce, wato jabu ne. Na Rum bugawa ake yi da guduma, shi ya sa za ka ga 'yan tsage-tsage a baki.

Hajiya_Tarihi: Don Allah kada ka jefa shi ƙasa don jin ƙara, rubabbiyar azurfa karyewa take yi biyu. Ban da goge shi da toka, ban da lemun tsami. Duhun nan na jikinsa yana cikin darajarsa. Cire shi daga leda mai laushi, ita ma tana haifar da kore, ka sa shi a ƙaramin ambulan na takarda.